Gurbi a Benci na Uku

"Tashi daga nan!"

Baƙuwa ta ɗago a firgice. Dattijuwar da ke tsaye a kanta ko ƙifta ido ba ta yi.

Lahadinta ta farko ke nan a wannan majami'a, kwana huɗu da tarewarsu ita da Innarta. Ƙaura ta uku tun rasuwar Baba! Sumsum ta koma baya, kunya kamar ta nutse.

Ana tashi mai jitar mawaƙa ya tare ta, wanda ya ɗaukar musu katifa ranar ƙaura yana ta ba ta dariya. Shi ya laƙaba mata Baƙuwa.

"Yi haƙuri, mahaifiyata ce. Gurbin ƙanwata ne... tun da ta rasu ba wanda ya zauna, littafin waƙarta kawai ake bari."

"Wayyo Allah! Mai zaunar da jama'a ce fa ta nuna mini!"

Nan take ya gane. Ai kowa ya san budurwar nan mai zaunar da jama'a ta daɗe tana haƙonsa, kuma a gabanta aka yi dariyar katifa. Kai, mutum mugun abu ne!

Soyayya dai ba ta nemi izini ba. Wata biyar yana zarya shagon ɗinkinta da riguna masu lafiyayyen maɓalli.

"Wannan kuma me ya same ta?"

"Kewarki take, masoyiyata."

Amma Mama, mahaifiyarsa, ta kafe. Yarinyar da ta tsallake duk sauran kujeru ta zauna a gurbin 'yarta ba za ta shigo mata gida ba.

Tsoro ya hana Baƙuwa sakewa. Kwalayensu na jibge a falo, ko ɗaya ta ƙi buɗewa.

"Sai yaushe?" in ji Inna.

"Inna, in ta raba mu, ba zan iya zama ina ganinsa ba. Tashi za mu sake yi."

Wata Asabar tana sharar majami'a ta ga bangon littafin nan ya yage, shafuka na zubewa. Zuciyarta ta karye. Ta ɗinke shi, ta yi masa riga da shuɗin yadi, ta mayar. Sai a hanya hankalinta ya dawo. Ta taɓa kayan marigayiya!

Ranar Litinin aka buga ƙofa. Mama ce, littafin a hannunta.

Baƙuwa ta durƙusa da sauri.

"Ke kika yi wannan?"

"Mama, ki gafarce ni..."

"Shekara biyu kowa na kewaye shi kamar wuta. Ke kaɗai kika ga ya yage." Ta shafa shuɗin yadin. "Na titsiye mai zaunar da jama'a kan zaunar da ke da ta yi a gurbin nan, ta kasa haɗa ido da ni."

Sai idonta ya sauka kan kwalayen.

"Wata biyar ba ku kwance kaya ba?"

Baƙuwa ta fashe da kuka.

"Miƙo almakashinki, 'yata. Surukata ba ta zama cikin kwali."

Da Lahadi ta zagayo, Baƙuwa ta nufi bencin baya kamar kullum. Mai jita ya saki murmushi har ya kuskure kiɗa, domin Mama ce ta ɗauke littafin daga benci na uku ta ɗora a cinyarta.

Ta daki gurbin da tafin hannu.

"Zo nan. Kin daɗe a tsaye."