Bokitin da Ba a Turawa Gaba

Ranar Asabar ɗin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, firinsifal ta sa aka kai talabijin ɗinta ɗakin cin abinci, aka kuma dafa shinkafa har da nama. To, ka san 'yan makarantar kwana da nama. Tun rana ba ta faɗi ba kowa ta garzaya can, ban da Damaris, wadda Siniya Vicky ta tare a ƙofar ɗakin kwana ta miƙa wa bokiti.

"Ke, sabuwa. Ruwan wanka. Kar ki sa ni jira."

Damaris 'yar aji ɗaya ce, a tsakiyar shekara babanta ya kawo ta daga Unguwar Boro. A makarantar akwai wata al'ada. Siniyar da kika fara cika wa bokiti tana da ikon kiranki 'yar ɗakinta, in kin amsa da bakinki shi ke nan. Ki yi mata wanki da guga, ita kuma ta tsaya miki, ba mai taɓa ki. Damaris kuwa akwai girman kai, ta rantse ba za ta yi wa kowa bauta ba, balle Vicky mai murya irin ta kwandasta. Ta yi ta zillewa har yau da dubunta ta cika. Ta karɓi bokitin tana ƙunƙuni.

Famfon yana bayan kicin, kusa da wani tsohon ɗakin kwana da aka daina amfani da shi. An yi ruwa da rana, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi sun fara kuka. Can nesa wutar matatar mai ta yi wa sama ja. Kullum wurin cike yake da layin bokitai da rigima, amma yau babu kowa. Bokiti ɗaya ne kawai a gefe, na ƙarfe, duk tsatsa.

Ta tara na Vicky ya cika, ta janye. Sai ta yi abin da mamarta ta koya mata a famfon unguwa: in ka cika naka, ka tura na bayanka ƙarƙashin ruwa, ko mai shi ba ya nan. Ba wadda ta taɓa gaya mata cewa wannan bokitin tsallake shi ake yi. Kowa ta ɗauka kowa ta sani. Baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne.

Ta tura shi.

Ruwa ya fara zuba a ciki, amma babu ƙara. Bokitin ƙarfe, ko ɗis ba ta ji ba. Kwaɗin ma suka yi tsit.

Wani wari ya taso, irin na katifar da ta jiƙe aka manta da ita.

"Na gode, ƙanwata."

Muryar a hankali take, daga bayanta. Damaris ta waiwaya. Wata doguwar ɗaliba ce a jikin bango, da kayan makaranta, sai dai ɗinkin ba irin na yanzu ba ne. Rigar sharkaf take, ruwa na ɗiga daga gefenta. Fuskarta na cikin inuwa.

"Sannu, Siniya," in ji Damaris, ta ɗan rusuna.

"Na daɗe a layi. Kowa sai ta wuce ni." Sai ta tambaya, "Wace ce uwar ɗakinki?"

Da bakin nan nata mai saurin amsa Damaris ta ce, "Ba ni da kowa."

"Madalla. Ɗauko min ruwana."

Ba ta yi niyya ba, Allah ya sani. Hannuwanta ne suka ɗaga bokitin suka aza mata a ka. Sanyinsa ya ratsa ta har haƙori. Ƙafafunta suka bi bayan siniyar, suka bar hanyar ɗakin kwana, suka shiga ciyawa.

Daga ɗakin cin abinci ta ji an fashe da tafi. Kusa ne, amma sai ta ji shi kamar daga ƙetaren kogi.

Siniyar na tafe a gaba. Ciyawa ba ta motsi a ƙarƙashinta.

Ƙofar tsohon ɗakin, wadda kullum ke da kwaɗo, a buɗe take. Ciki duhu. Gadajen ƙarfe ne jere, babu katifu, sai ɗaya a can ƙarshe da aka shimfiɗa wa farin zane. Kusa da shi akwai wani ƙarami, shi ma a gyare.

"Wancan naki ne," in ji muryar. "Shigo. Ki ce ni ce."

Tsoro ya kama Damaris irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta so ta kira sunan Yesu, harshe ya ƙi. Ta tuna mamarta. Ƙafarta ɗaya ta taka dokin ƙofa.

"Damaris! Don ubanki ina ruwana?"

Vicky ce, ta biyo sawu da masifarta, silifas na faɗa-faɗa. Da ta ga inda yarinyar take tsaye da abin da ke kanta, sai masifar ta mutu a bakinta. Ta ja da baya. Kowa ya ga yadda ta juya ya san gudu za ta yi, kuma ba mai ganin laifinta.

Amma ba ta gudu ba. Ta koma famfo, ta dawo da bokitinta cike, ruwa na zuba mata a ƙafa. Ta dire shi a ƙasa.

"Siniya," ta ce da muryar da ba ta fi raɗa ba, "a yi haƙuri. Nawa ta fara cikawa. Ga shi. Kin san doka."

Muryar ta fito daga duhun ɗakin.

"Ba ta amsa miki ba."

"Damaris," Vicky ta ce, tana kuka yanzu, "abeg, don Allah buɗe baki. Wace ce uwar ɗakinki?"

Yatsu masu sanyi suka sauka a wuyan Damaris.

"Si... Siniya Vicky."

"Da ƙarfi!"

"Siniya Vicky ce uwar ɗakina!"

Bokitin ya faɗo daga kanta, ya yi ƙara a kan siminti. Babu ko ɗigon ruwa a ciki. Vicky ta fizgo hannunta. Kafin su juya, muryar ta biyo su, ba fushi a cikinta ko kaɗan.

"Doka ce. Amma ke bana za ki gama, Vicky. Ni ba na gamawa."

Suka runtuma. Ba su tsaya ba sai cikin hasken ɗakin cin abinci, inda ake ta ihu ana cewa soja ya tafi, kowa ya samu 'yanci.

Damaris ta yi kwanaki tana zazzaɓi. Vicky ce ta riƙa kai mata abinci, tana zaginta tana ba ta a baki. Ko metiron, mai kula da ɗakunan kwana, ba ta san sunan mai bokitin ba, ta dai ce ta tarar da shi a nan, kuma an sha jefar da shi yana dawowa.

Ranar da Vicky za ta bar makaranta, ta kama hannun Damaris ta damƙa wa wata 'yar aji biyar mai suna Naomi, ta sa ta amsa da ƙarfi a gaban famfo. Naomi ma da za ta tafi ta damƙa ta ga wata. Haka aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Gwamnatin farar hula ta haƙa musu rijiyar burtsatse, aka rufe tsohon famfo, amma duk yammar da Damaris ta ajiye bokitinta a sabon layi, na ƙarfen ne a bayansa.

Da ta gama aji biyar za ta shiga ajin ƙarshe, ta duba sama ba sauran siniya. Ta durƙusa gaban babanta tana kuka har ya mayar da ita makarantar jeka-ka-dawo a Nasarawa.

Yanzu tana Trikania da 'ya'yanta. Matan layinsu sun shaide ta da kirki, abu ɗaya kawai suke yi da ita: in ta cika bokitinta a famfo sai ta ɗauke ta wuce, ba ta taɓa tura na bayanta, ko waiwayensa ba ta yi. Suna cewa ba a koya mata ba a gida.

An koya mata.