Layin da Raihanatu Ba Ta Rubuta Ba

Ranar Litinin da hantsi wata takarda ta iso makarantar sakandaren da Malama Murjanatu ke koyar da Turanci a Aliero. An cire ɗalibarta Raihanatu daga gasar rubutun Turanci ta makarantun Jega, Aliero da Maiyama, wai ta kwafi maƙalar wata Zaituna 'yar Maiyama. Maƙalolin biyu iri ɗaya ne sak, kuma ta Zaituna ta riga isa da kwana biyu. Shekara biyu ke nan da ƙirƙiro jihar Kebbi, 'yan kasuwar da suka shirya gasar sun yi alkawarin ɗaukar nauyin karatun zakara har jami'a.

Kafin la'asar labari ya kai Jiga Makera, ƙauyen su Raihanatu. Mahaifin Raihanatu, manomin albasa, ya aiko cewa 'yarsa ta gama boko daga yau, shi bai kai ta makaranta don ta koyo sata ba.

Ran Murjanatu ya ɓaci matuƙa. Shekara uku tana fama da yarinyar nan, tun tana rikita p da f har ta iya jera shafi biyu ba tuntuɓe. A gabanta aka rubuta maƙalar, a kan yadda ake adana albasa kada ta ruɓe. Ita ta gyara rubutun farko da jan biro ta kulle a durowa, Raihanatu ta sake kwafe mai tsabta aka liƙe a ambulan aka aika. Sata kuma? Tabɗi!

Washegari ta hau motar Jega, ta sami sakataren gasar, Alhaji Ɗanasabe.

"Malama, ni ma abin bai yi mani daɗi ba," in ji shi, "amma ga su, ki duba da kanki."

Ta Zaituna da tafireta aka buga ta. Murjanatu ta bi ta layi-layi har ƙasa, sai ta tsaya cak. Akwai kalmomi biyu a ƙarshe waɗanda babu su a ta Raihanatu: See me. Wato "zo ki gan ni", abin da malami kan rubuta a ƙasan aikin ɗalibi. Kuma ita ce ta rubuta su a rubutun farko, wanda ke kulle a durowarta. Daga can ke nan aka kwafa.

"Alhaji, ka ba ni kwana ukku," ta ce.

Makullin durowar biyu ne, ɗaya na hannun Malam Waliyyu, abokin aikinta, wanda dama ba sa ga-maciji tun da aka ba ta ajin ƙarshe. Da ta koma makaranta ta ajiye masa ta Zaituna da ta karɓo a Jega. Ya karanta, ya kai ƙasa, ya tuntsire da dariya.

"Wane sakarai ya buga wanga? Har da umurnin malami ya haɗa!"

"Ina makullinka yake kwana?"

"Bisa ƙusa, bayan ƙofar ofis. Kowa ya sani."

Ta cire shi daga zargi. Da shi ne, ko a mafarki ba zai bar layin nan ba.

Ranar Laraba ta je Maiyama ta sa aka kira mata Zaituna, ta nuna mata ƙasan takardar.

"Mi wannan layin ke nufi?"

"Malama ce ke neman ɗaliba. Da jan biro ake rubuta shi."

"To mi ya kai shi cikin maƙalarki?"

Yarinyar ta duba takardar, idanunta suka ciko. "Wallahi Malama, wagga ba tawa ba ce. Ni kan rijiyar garin Liba na yi rubutu. Na ba Baba, ya ce akwai ɗan'uwanshi da zai buga mani ya kai Jega."

Ita ma ta fita daga zargi. A mota Murjanatu ta yi ta juya maganar yarinyar. Ko wanda bai jin Turanci ai yana da ido, ya san ja daban, baƙi daban. To me ke mai da ja baƙi? Ta bugi cinyarta har na kusa da ita ya waiwayo. Ta sauka Jega ta nufi shagon fotokofi, wanda a lokacin shi kaɗai ne a yankin. Mai shagon ya ce mutum ɗaya ke kawo masa takardun makarantar su Murjanatu.

Ranar Alhamis aka zauna a ofishin Alhaji Ɗanasabe, aka kira Kalilu masinjan makaranta, mai kai saƙo Jega, wanda kan taɓa tafiretar ofis da yatsa biyu in magatakarda ba ya nan.

"Lokacin da anka aika, ran Litinin na ba ka maƙalar Raihanatu," in ji Murjanatu. "Mi ya sa sai Alhamis ta iso?"

"Mantuwa, Malama."

"Ka taɓa buɗe durowata?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Ta zaro rubutun farko ta shimfiɗa a tebur, ta juya ga Alhaji. "Ka gani, ranka ya daɗe. Wanda ya buga waccan jaki ne, kuma makaho. Jan biro ɓaro-ɓaro, amma ya kasa ganewa."

"Ba ja ba ne!" Kalilu ya zabura. "Duka baƙi ne a wadda na..."

Ya kama bakinsa. Zufa ta karyo masa.

"Gaskiyarka," in ji Murjanatu, "injin fotokofi bai san ja ba. Ka ɗauki makulli bisa ƙusa, ka zare takardar cikin gaggawa, anka yi maka kwafi, ka mai da ta. Ka zauna kana buga harafi bayan harafi, ba ka san mi suke cewa ba. Sannan ka danne ta Raihanatu don taku ta riga isa. Baban Zaituna mi ne naka?"

"Yayana ne," ya ce, kansa a ƙasa. Maƙalar Zaituna ta gaskiya ma a jakarsa aka same ta, a ninke.

Alhaji Ɗanasabe ya miƙa maganar Kalilu ga hukumar makaranta, ya ce a duba ta Zaituna kamar ta kowa. Sannan ya buɗe takardar alƙalai, ya ce tun kafin rigimar maƙalar albasa ce ta zo ta ɗaya.

Murjanatu ba ta jira gobe ba. Da yamma ta isa Jiga Makera, ta tarar da uban a ƙofar gida yana tsince albasa. Ta faɗa masa komai. Ya ƙwala wa 'yarsa kira.

"Karanta mani abin da kika rubuta."

"Baba, ai Turanci ne."

"Na sani. Karanta da ƙarfi, maƙwabta su ji."

Raihanatu ta fara karantawa. Mutane suka taru. Tsohon bai fahimci komai ba, sai da ya ji sunansa ya fito tsakiyar Turancin. Ya ɗaga hannu, hawaye na bin gemunsa.

"Tsaya nan, ɗiyata. Koma baya ki sake faɗin wurin ga."