Ƙorafin da Ba Su So a Rufe

Minti arba'in da biyu ta yi riƙe da waya tana sauraron kiɗan jira, kafin wata murya ta ɗauka daga can wata ƙasa, inda kamfanin intanet ya kai ma'aikatan da ke amsa ƙorafi. Da Turanci ma'aikacin ya gaishe ta, ya faɗi suna, ya ce ta kashe na'urar intanet ɗin ta sake kunnawa.

Ita malamar lissafi ce, ta intanet take koyar da yara goma sha ɗaya daga teburin falo. Kwana uku ke nan fitilar na'urar ja ce jawur. Ta dafe goshi, ta ce da kanta da Hausa, "Wayyo ni, sau tara na kashe na kunna!"

Can ƙasa-ƙasa ya ce da Hausa, "Sannu, 'yar'uwa. Bar na goman, matsalar daga wajenmu take."

Saura kaɗan wayar ta suɓuce mata.

Ashe karatu ne ya kai shi ƙasar, aikin nan ya riƙe shi. An hana su kowane harshe sai Turanci, an hana su ba da lamba ko karɓa, kuma sunan da ya faɗa na aro ne. A rana ɗaya ya gyara mata layin, fitila ta koma kore. Sai dai akwai wata ƙa'ida: muddin ƙorafi yana buɗe, duk saƙon mai shi wajen ma'aikaci ɗaya yake komawa. Da an rufe, kowa ma zai iya ɗauka.

"In rufe?" ya rubuto a shafin hira na kamfanin.

Ta daɗe tana kallon koriyar fitilar.

"Kamar har yanzu tana ɗan rawa," ta amsa.

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma su biyun sun sani.

Daga nan kullum bayan darasi sai ta buɗe shafin. Ya raɗa mata Jar Fitila, ita kuma ta sa masa Kashe-ka-kunna.

"Jar Fitila, yau mutum sittin na ba haƙuri kan laifin da ban yi ba. Ke kaɗai kika tambaye ni ko na ci abinci."

"To ka ci?"

"Yanzu da kika tambaya, sai na ji yunwa."

Shugabarsa ta kira shi ofis sau biyu kan ƙorafin da ya kwana talatin a buɗe, ya yi ta kame-kame. Shi dai ya san wannan zaren kaɗai ya haɗa su.

Da zancen ya kai kunnen Baba, tsohon direban jirgin ƙasa da bai san wasa da gaskiya ba, sai ya murtuke.

"Mutumin da ko sunansa ba nasa ba ne? Ga ɗan maƙwabta mai shagon wayoyi, fuskarsa na sani, ubansa na sani. Ke kuma kin nace wa murya!"

"Baba, aikin ne ya sa masa sunan."

"Ke kuma wa ya sa ki cewa layi bai gyaru ba?"

Ta sunkuyar da kai.

Wata safiya tana cikin darasi, aka kira wayar gidan daga kamfani ana tambaya ko matsala ta warware. Baba ya leƙa na'urar, ya ga kore, ya ce ta warware sarai. Bai san abin da ya rufe ba.

Da yamma ta rubuta, "Kashe-ka-kunna, ya aiki?"

Sunan nan dai da ta saba gani ya fito, amma amsar da Turanci ta zo, a bushe: "Ba ki da ƙorafi a buɗe. Don Allah a yi amfani da Turanci. Akwai abin da zan taimaka?"

Ba ta san mutum ashirin ne ke amsawa da wannan suna ɗaya ba. Ta ɗauka ya gaji da ita, ya zaɓi aikinsa. Ta rufe kwamfutar ta yi kuka mai isarta. Shi kuwa a can, kullum sai ya buɗe fayil ɗinta. Ga lambar gidan a gabansa, ga adireshi, amma amana ce aka ba kamfani, ba shi aka ba ba. Bai taɓa su ba, ko da yake abin yana cin ransa.

Mako biyu Baba yana kallon 'yarsa tana koyar da yara ba dariya. Umma ce ta fayyace masa abin da amsarsa ta jawo. Ya tambaya, "Yana da lambarmu, bai kira ba?"

"Bai kira ba."

"Don an hana shi?"

"Haka ta ce."

Baba ya gyaɗa kai. Shekara talatin ya yi yana tsayar da jirgi a jar fitila ko da ba mai ganinsa, ya san irin wannan mutumin.

Ya jawo kujera, ya sa tabarau, ya buga lambar kamfani. Awa guda ya sha kiɗa. Mutum uku suka ce ya kashe ya kunna, ya ce musu na'urarsa lafiya lau. Na huɗun ya yarda ya rubuta saƙonsa a fayil, kalma bayan kalma: "Mai gidan ya ce wanda ya yi wa 'yarsa Hausa ya kira shi, bayan ya tashi aiki, da wayarsa, da sunan da uwarsa ta sani."

Washegari da la'asar wayar gidan ta yi ƙara, Baba ya ɗauka. Malama tana bakin ƙofa ta ji Baba yana maimaita wani suna a hankali, sau biyu, yana cewa, "Madalla, ka ga wannan suna ne." Sannan ya miƙo mata wayar.

"Jar Fitila," muryar ta ce, "ba ni na amsa miki ranar nan ba."

"Na sani yanzu," ta ce, hawaye na zuba. "Ka ci abinci?"

Wata biyar bayan haka ya dawo gida, iyayensa suka zo, aka ɗaura aure. Falon ya cika har na'urar intanet sai da aka ɗage ta kan kabad. Baba ya kamo hannun angon ya haɗa da na 'yarsa.

"Wancan ƙorafin ni na rufe muku da hannuna, ban sani ba," ya ce. "Wannan kuwa ban yarda kowa ya rufe ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙuri da juna fiye da wanda na yi da kiɗan kamfaninku."

Falon ya ɗauki dariya da amin, amarya kuwa ta riƙe hannun gam.