Maganin Kaka Sau Biyu

Tun da ciwon hawan jini ya kwantar da Kaka, Auta da Gwaggonta ke jinya. Wanka, wanki, juya ta a gado, duk su biyu ne. Amma yanzu gaba suke.

Dalili? Direban tasin da ke son Auta. Ranar da ya zo da maganar aure, a ƙofa Gwaggo ta tare shi.

"Ka ɗauke ta, ni kaɗai in yi ta ɗaga tsohuwa? Bayana ya gama aiki. Ka kama gabanka."

Daga nan Auta ta ɗinke bakinta, ko gaisuwa babu.

Wata safiya ta ba Kaka ƙwayarta, ta fita shanya. Tana dawowa ta ga Gwaggo na ajiye kofin ruwa, kwalin magani a hannu. Ta buɗe baki – sai ta tuna ba sa magana, ta haɗiye. Ƙila dubawa kawai ta yi.

Ba a jima ba Kaka ta yi laƙwas, hannu sanyi ƙalau, ido na lumshewa.

"Inna, buɗe idonki. Inna!" Gwaggo na jijjiga ta.

Auta ta ce, "Gwaggo... kin ba ta magani?"

"Na ba ta mana."

"Ni ma na ba ta."

Gwaggo ta zube ƙasa tana salati. Auta ta kira direban a waya. Direba ya iso a guje, ya sungumi Kaka sai mota. Duk hanya Auta na kallon ƙirjin tsohuwar: yana motsi? Ya tsaya?

A asibiti likita ta ce jinin ya sauka sosai, amma an kawo ta da wuri. Aka sa mata ruwa.

Kan benci Gwaggo ta fashe da kuka. "Ba ƙinki nake ba, 'yar nan. Tsoron a bar ni ni kaɗai nake."

Direba ya durƙusa. "Gwaggo, a bayan layinku na kama ɗaki. Kullum za ta zo, ɗaga Kaka kuma nawa ne."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ai ba ki bar ni na gama sallama ba."

Gwaggo ta yi dariya cikin hawaye, ta jawo Auta jikinta. "To, ka turo manyanka."

Haƙurin direba ya yi rana. Su kuma suka gane, masu jinyar mutum ɗaya ba sa gaba, don marar lafiya ne ke shan wahalar shirunsu.