Akun Saude

Lailatu tana tsaye a shagon maganin dabbobi na yayanta da ke Kazaure, sai wani saurayi ya shigo rungume da keji lulluɓe da tsohon zane. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya yaye zanen. Aku ne a ciki, ƙirjinsa duk a tsige, fukafukansa sun saki.

"Sunana Abdulnasir, daga Gwiwa nake," ya ce. "Ya daina tashi. Da ya yunƙura sai ya faɗo."

Lailatu ta karanci lafiyar dabbobi. Ta lallatsa fukafukan a hankali, ba ta ji karaya ba.

"Da bakinsa yake tsige gashinsa, damuwa ce. Me ya same shi?"

Abdulnasir ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, abin da ta gani a idanunsa ya hana ta sake tambaya.

Ta ce ya riƙa fito da shi hantsi, ya ba shi gwanda da gyaɗa, ya ɗora shi a hannu yana ɗagawa yana saukewa don ya kaɗa fukafukai. Ta ba shi lambarta saboda tsuntsun. Ba a daɗe ba hirar ta wuce ta tsuntsu.

"Likitata," ya rubuto mata, "yau ma ya faɗo kan tabarma. Na gaji. Saƙonki ne kaɗai ke fito da ni daga ɗaki."

"Kada ka gaji, Nasir ɗina," ta mayar masa. "Gashi a hankali yake tsirowa. Ina tare da kai."

Wata rana ya kawo akun ta duba. Tana shafa kansa sai tsuntsun ya buɗe baki, ya yi magana da muryar Abdulnasir sak.

"Saude! Saude, fito mana!"

Hannunta ya tsaya cak.

"Wace ce Saude?"

Ya mayar da akun cikin keji, ya ɗauka ya fice.

A ranakun ne Daudu, wani ɗan kasuwar hatsi na Babura da ya daɗe yana neman aurenta, ya je wajen mahaifinta, Alhaji Muhammadu Lawal. Ya ce yaron nan na Gwiwa yana da taɓin hankali, wuni yake yana hira da tsuntsu yana kuka.

Alhaji ya kira ta.

"Ba zan ba marar lafiya 'yata ba. Kada in sake jin sunansa."

"To, Baba," ta ce. Ba ta kare shi ba, don ita ma zuciyarta cike take da zargi.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa, tana karantawa tana kife wayar. Na ƙarshe ya ce: "Laila, ya koma tsige gashinsa. Ba na iya faɗin sunan nan, shi ya sa na fita. Na rasa ta, yanzu kuma na rasa ki. Ki yafe mini."

Daga nan ya yi shiru. Lailatu ta rame, ta daina zuwa shago.

Damina ta yi nisa sa'ad da wata dattijuwa ta sauka daga adaidaita sahu a ƙofar gidansu. Inna Mairo ce, mahaifiyar Abdulnasir. Ta nemi ganin Alhaji, Lailatu kuma ta laɓe a bayan labule.

"Alhaji, ɗana ba mahaukaci ba ne," ta ce. "Tagwaye na haifa, shi da Saude. Bara zazzaɓi ya ɗauke ta a hannunsa. Akun nan nata ne. Tun daga ranar ya bar gona, ya bar mutane. Sai da ya haɗu da 'yarka na sake ganinsa da fartanya. Yanzu ina tsoron in binne na biyu."

Lailatu ta sulale ƙasa tana kuka mai sauti.

Alhaji bai yanke hukunci a ranar ba. Sai da ya je Gwiwa da kansa, ya tambayi limamin unguwa da maƙwabta, ya zauna da yaron a zaure. Ya dawo ya kira ta.

"Baƙin ciki ne, ba hauka ba. Amma nauyi ne, Lailatu. Za ki iya?"

"Zan iya, Baba."

Da Abdulnasir ya zo da akun, da ƙyar ta gane shi saboda rama. Ta duba akun, ta daɗe tana juya fukafukan.

"Ba zan ɓoye maka ba, Nasir. Wani gashin ba zai sake tsirowa ba. Da wuya ya tashi kamar da."

Hawaye suka zubo masa.

"To mu riƙe shi a haka," ya ce.

"Mu riƙe shi a haka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da aka kai amarya Gwiwa, Inna Mairo ta kama hannuwansu ta haɗa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.