Kujerar Bayan Keken Dogo

Ranar da Dogo ya kwance kujerar bayan kekensa, da fushi ya kwance ta. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa keken nan zuwa masaƙa, sa'a biyu zuwa, sa'a biyu dawowa, kuma ƙarfe bakwai maigadi ke rufe ƙofa. An riga an ja masa kunne sau biyu kan latti, na uku kuwa takardar sallama ce. Ya daɗe da lura cewa da zarar ya wuce wani kwalbati sai keken ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu, ga taya da iska, ga sarƙa da mai. Da wani abokin aikinsa ya ce ai fasinja yake ɗauka, wanda ido ba ya gani, Dogo bai ji tsoro ba, haushi ya ji. Ya zare ƙusoshin kujerar, ya wurga ta bayan ɗaki.

Kwana uku bayan haka, ana sallame magariba, gidan ya yi tsit. Matarsa na kwashe tabarma, Auta 'yarsu na wanke kwanuka. Sai ƙararrawar keken ta kaɗa, alhali yana jingine da bango, ba kowa kusa da shi. Tayar baya ta soma juyawa a hankali. Dutse ya faɗo kan kwanon rufi, wani ya biyo shi, aka leƙa waje ba a ga ko kaza ba.

Auta ta saki kwanon hannunta ta faɗi rigingine. Ƙafafunta suka ɗaga sama suna juyawa kamar mai taka feda, idonta a buɗe, ba ta ganin kowa. Uwar ta danne su da dukan ƙarfinta, suka ture ta. Haka aka yi magariba huɗu a jere, har gwiwoyin yarinyar suka kumbura. Dogo yana tsaye kanta yana huci, don ya san ciwon gwiwar nan, nasa ne aka ɗora wa 'yarsa.

A ta biyar ya ɗauko wani malami tsoho, mai ƙarancin magana. Malam ya zauna dab da kan yarinyar ya soma karatu, bai ɗaga murya ba. Can ƙafafun suka tsaya cak. Bakin Auta ya buɗe, muryar wani dattijo ta fito, mai kaushi, mai gajiya. Ya ce shi mazaunin kwalbatin ne, danginsa sun ƙaura bayan tudu tun da aka yi titi, shi ma tsufa ya kama shi, shi ya sa yake bin keken. A mayar masa da kujerarsa, ya saki yarinyar.

Malam bai kai ga amsawa ba Dogo ya yi tsalle ya shiga maganar.

“Ni jakin gidanku ne? A masaƙa a hau ni, a hanya ma a hau ni? Shekara sha ɗaya, ko sannu ba ka taɓa ce mini ba, sannan ka zo ka kama 'yata!”

Muryar ta ce, “Kai fa, ka taɓa tambayar kanka yadda kake hawa tudun nan ba ka sauka ba?”

Dogo ya ce da ƙafafunsa yake hawa, ba da na uban kowa ba. Malam ya dube shi ya ce ya sassauta, kujera ce kawai, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Dogo ya rantse ko ƙusa ɗaya ba zai mayar ba. Mai fushi ba ya jin kira, Malam ya girgiza kai ya koma karatu, ya tuna wa baƙon cewa yarinyar ba ta ci masa komai ba, zalunci ne. Baƙon ya amsa laifinsa. Ya nemi abu ɗaya, kada a sake kiransa, don ba zai zo ba. Auta ta yi atishawa sau uku, ta ce tana jin ƙishirwa.

Da asuba Dogo ya wuce kwalbati, keke sakayau, har yana murmushin wanda ya ci nasara. Da ya iso gindin tudu ya miƙe kan feda kamar kullum. Bai kai rabi ba gwiwoyinsa suka ƙi. Ya sake takawa, keken ya nemi komawa baya da shi. A nan ya tuna cewa kullum a daidai wurin nan nauyin ke sauka, keken ya riƙa tafiya kamar ana tura shi. Ya sauka ya tura da hannu, gumi na zuba, ya isa ƙofar masaƙa maigadi na jan ta. Da ƙyar ya kutsa.

Da yamma ya dawo gida. Ya zaga bayan ɗaki ya ɗauko kujerar, ya goge ta, ya ɗaure ƙusoshin tam. Washegari ya tsaya a kwalbati, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya duba ko wani na kallonsa.

“To, hau mana, Baba,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya jira har gari ya soma haske. Da ya taka feda, keken ba shi da nauyin komai, ga tudu can yana jiransa.