Kwano Ɗaya da Maje

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san inda zuciya take kai mutum.

Maje ɗan ƙanena ne, mai walda a Gyadi-Gyadi. Ranar sunan ɗansa, ƙaninsa Auwalu ya kawo rago, ya ce a gaban jama'a, "Yaya, don kar a ji kunya." Maganar ta yi wa Maje zafi.

Na ce, "Ba zuciyarka kwana uku ta huce."

"Baffa, ba kai aka yi wa ba."

Washegari da rana tsaka ya tafi neman arziki wurin wani boka a wani kango bayan Ƙauyen Alu. Shi ya ba ni labarin daga baya. Ɗakin ba taga. Baƙar ƙwarya a kife, ƙaho naɗe da jan ƙyalle, ƙasa ta yi danƙo da tsohon jini. Bokan bai ɗago kai ba.

"Akwai sharaɗi. Zauna ka ji."

"Ko mene ne, na yarda."

"Ba a yarda kafin a ji."

"Na ce na yarda!"

Bokan ya miƙa masa lomar tuwo mai sanyi. Maje ya haɗiye.

Shekara ba ta zagayo ba ya gina bene a Tarauni. Don a gani, kullum sai an fito da abinci ƙofar gida a ci tare da shi. Murtala direbansa ne ya fara faɗuwa, bai tashi ba. Sai surukinsa. Sai Auwalu, kwana biyu bayan sun shirya sun ci tuwo tare. Saratu matarsa ta koma dariya ita kaɗai tana yaga zanenta.

Ya koma kangon. "Me kake ɗiba a gidana?"

"Duk wanda ya sa hannu a kwanonka, namu ne. Na so in faɗa maka. Ka ce ka yarda."

Ya dawo, ya riƙa kulle ƙofa yana ci shi kaɗai. Bai gaya wa kowa dalili ba. Iyatu mahaifiyarsa kuwa ba ta yarda a zubar da abinci. Ta tsinci kwanonsa a wajen wanke-wanke, ta kankare ragowar ta ci. Ni na yi mata salla.

Yau benen kufai ne. Maje yana yawo a bakin titi, in ya ga mutane sun haɗu kan abinci sai ya kifar da shi yana ihu, "Kar ku ci!"

Kai mai kwaɗayi, ka ji. Zuciya ba ta jin sharaɗi. Wanda ya sa ta gaba ya bar hankali a baya, nasa zai binne da hannunsa.